Kawu Tanimun da Madam

Duk wanda yas san Kawu Tanimun, tsohon mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, na Geceme, ya san ba ya amsa gaisuwa sai ya shafa aljihu ya ji kwalin ƙwayar barcinai na nan. Madam yake ce mata. Lokacin da matatai ta rasu barci ya ƙi shi, likita yar rubuta mishi ita ta sati biyu. Kawu yam maida sati biyu shekara tara.

Kun san yadda yake zagin samari masu shan ƙwaya a tasha. Wata rana nic ce mishi ai shi ma ƙwaya yake sha. Yah harare ni.

"Kai jaki ne? Su ƴan ƙwaya ne. Ni da ordonansi nike sha, takardar likita."

Ordonansin kuwa asibiti ukku yake zagayawa nema, ko'ina da wata hula. Sai anka canja ma wani majo, babban ma'aikacin jinya, wurin aiki daga Dumega zuwa Dogon Dutsi, Kawu yaf faɗa hannunai. Majo yac ce ba shi ne ya ba ordonansi a Dumega makon jiya ba? Kawu ko gezau.

"Wancan tagwaina ne. Hala shi ma ya dame ka?"

Ranar da munka je Tibiri neman aurena, shi ne babba. Da dare ya sha biyu don ɗaya ta bar kama shi, ga shi ba ta sake shi ba har hantsi. Surukai na jawabi, Kawu na gyangyaɗi. Da anka taɓa shi don shi yi magana, yab buɗe ido yag ga mutane zaune shiru bisa tabarmi, sai yaɗ ɗaga hannu.

"Allah shi jiƙan shi. Mutumin kirki ne."

Har yau surukina in ya gan ni sai ya yi mini ta'aziyyar kaina.

Dariya ta ƙare ranar da jiri yak kada shi a bakin rijiya, ƙugu yak karye. Don haushi yaj jefar da kwalin rana guda. Kwana biyu yana makyarkyata da zufa, bai san inda yake ba. Gwaggo tac ce Doguwa ce, a kira masu bori. Kawu, da yaɗ ɗan farfaɗo, daga kwance yac ce tashi Doguwar gajera ce, fara, a kai shi asibiti kawai. Likita yay yi muna faɗa, yac ce barinta farat ɗaya na iya kisa. Sannu-sannu anka riƙa rage mishi, rabi, sannan kwata, wata da watanni yana masifa. Bai ƙara tafiya ba sanda ba, amma watanninai na ƙarshe idonai garau, yana kiran jikoki da sunansu ba kuskure.

Allah shi gafarta ma Kawu, shi haskaka kabarinai, shi sa ya huta.