Shekarar da Waliyi Bitrus Ya Wuce Shiru

Eleuterio Chumpitaz ya tsufa yana gadin tsibirin tsuntsayen guanai, waɗanda ake kwasar kashinsu a yi taki. Babu itace a tsibirin, babu ruwan sha, sai dutse fari fat. Aikinsa ɗaya ne: kada a firgita su.

Guanai baƙin baya gare shi da farin ƙirji, ga jan zobe kewaye da ido. Da kashinsa yake gina sheƙa kamar akushi, kuma mace da namiji karɓa-karɓa suke yi wajen kwanci. Sai dai matsoraci ne. Da ya ji ƙara sai duk garken ya tashi, kafin su sauka kuwa tsuntsayen gabiyota, ɓarayin ƙwai, sun gama ɓarna.

Wata shekara aka ɗora wa Fortunato, uban baftismar 'yar Eleuterio, hidimar bikin Waliyi Bitrus, ranar da masunta ke zagawa da siffar waliyin a jirgi, da makaɗa da rokokin biki masu fashewa a sama. Fortunato ya so ya burge gari, ya ce bana sai an zaga tsibirin. Tsuntsaye kuwa suna kan ƙwai.

Eleuterio ya tuƙa kwalekwalensa ya tare su. Ya hau jirgin, ya yi alamar gicciye, ya zauna daram a kan akwatin rokoki.

Fortunato ya ce, "Kompadre, aminina, tashi mana! Kai ma kwancin kake yi?"

"Shi nake yi. Kunna ashanar mu tashi sama tare."

"Tsoho, warin taki ya taɓa maka kai. Waliyi ya fito ba ƙara? Me zan ce wa mutanen gari?"

"Ce musu Waliyi masunci ne. Ka taɓa ganin masuncin kirki yana ihu a kan ruwa?"

Makaɗa suka tuntsire da dariya. Fortunato ya yi tsaki, ya kashe inji. Da filafili aka zaga tsibirin, kakaki a cinya, mata suna addu'a ƙasa-ƙasa. Dubban idanu masu jan zobe suka bi jirgin da kallo, ko tsuntsu ɗaya bai bar sheƙarsa ba.

Fortunato ya yi mako bai yi masa magana ba, daga baya ya aiko da kwandon lemo.

Da aka yi ƙyanƙyasa, tsibirin ya cika da 'yan tsaki tsirara, baƙaƙe, munana. Eleuterio kan zauna bakin ɗakinsa na katako da kofin shayi, yana kallon iyayen suna dawowa daga teku layi-layi, maƙoshi cike da ƙananan kifi.