Lauyan Gwamnati da Wasiƙu Uku

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, ina tsaye a gaban injin kwafi na ofishinmu, magatakardar Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta kira ni a waya. Na ɗauka wata takarda ce muka manta ba mu sa wa hannu ba. Sai ta ce, “Lauya, kin ji Malam Koma-Gida ya rasu?” Ta ce jiya ne da la'asar, a asibiti, bayan jinyar mako uku. Ban ma san kana kwance ba.

Sunan nan mu muka laƙaba maka, kuma ba don ƙauna ba. Ni lauya ce mai kai ƙarar gwamnati gaban Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta yankinmu, kai kuwa lauyan da gwamnati take turowa ya kare ta. Ƙa'idar Hukumar ita ce ba ta sauraron kowa sai ya nuna ya bi kotunan ƙasarsa har ƙarshe, ko kuma ya kai kukansa can an yi biris da shi. A nan ka ƙware. Da mun gama zuba bayani sai ka miƙe, ka gyara tabarau, ka ce masu ƙara su koma gida tukuna, ba su gama da kotunanmu ba. Shekara goma sha uku muna zaune teburi da teburi. Akwai wata shaida a kanka da take hannuna, na riƙe ta fiye da yadda ya kamata, kuma saboda ita nake wannan rubutu.

Ƙarata ta farko ko minti goma ba ta yi a hannunka ba. Na fito ina neman inda zan ɓoye fuskata, sai na same ka a baranda kana tsiyayar shayi daga filas ɗinka mai lanƙwasasshen murfi. Ka miƙo mini littafin ƙa'idojin Hukumar, naka na kanka, duk ka cika gefensa da jan biro. Ka ce, “Ki karanta sashe na shida, 'yata. Ba na jin daɗin kayar da wanda bai shirya ba.” Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na karanta. Bayan shekara biyu da na kayar da kai da wannan sashen, ka ɗaga kofin shayi daga can teburinka ka gyaɗa mini kai.

Wanda bai san aikin ba ba zai gane darajar mutumin da yake amsa wasiƙa ba. Idan ƙara ta shiga, Hukuma tana aika wa gwamnati kwafi ta ba ta kwana casa'in ta mayar da martani. Yawancin gwamnatoci shiru suke yi. A sake rubutawa, a sake jira, a ɗage zuwa zama na gaba, har mai ƙara ya tsufa ko ya mutu. Kai ba ka taɓa barin kwana casa'in ɗin nan ya cika ba. Amsarka takan zo da zafi, ta tsefe hujjojinmu ɗaya bayan ɗaya, amma tana zuwa. Sau biyu a shekara Hukumar take zama, a zauren wani otal mai sanyin tsiya, kwamishinoni tara a jere, masu fassara a cikin akwatin gilashi. Teburinmu yakan cika da lauyoyi da 'yan ƙungiyoyi. Naka kuwa kujera huɗu aka jera, kai kaɗai a ta farko, jakarka a ta biyu. Lokacin cin abinci mu mukan haɗa tebura muna shewa, kai kuma kana can kusa da taga da jarida. Ban tuna ranar da wani cikinmu ya ce maka bismilla ba.

Na tuna wani dattijo da muka kawo shaida, ya kasa sa na'urar jin fassara, tana ta zamewa daga kansa. Mu da muka kawo shi muna ta juye-juyen takardu. Kai ka taso, ka tsallako zauren, ka daidaita masa ita, ka ce, “Baba, kana ji na yanzu?” Da ya ce yana ji, ka koma wurinka ka yi masa tambayoyi har gumi ya keto masa.

Sai ƙarar matar direba. Mai ɗinki ce, tana da shago ɗan ƙarami a bayan tashar mota. An kama mijinta a wani shingen bincike, bayan kwana biyar aka ce ta zo ta ɗauki gawarsa. Sau uku ta rubuta wa ofishin mai gabatar da ƙara tana neman a bincika. Da hannu ta rubuta, ta miƙa a bakin ƙofa, ba ta ajiye kwafi ba, don ba wanda ya taɓa gaya mata ana ajiyewa. Na san abin da zai faru. Gwamnati za ta ce ba ta taɓa kai kuka a gida ba, ni kuma ba ni da ko ƙyallen takarda da zan nuna. Har na fara shirya kalmomin da zan ba ta haƙuri da su.

Amsarka ta zo a rana ta tamanin da takwas, shafi arba'in, kowanne yana musanta abin da muka ce. A bayanta akwai takardun da aka haɗa. Ina buɗewa ina hamma har na kai ta goma sha bakwai. Wasiƙunta ne, duka ukun, da hatimin ma'aikatarku na ranar da aka karɓa, a gefen ta ƙarshen kuma wani ya rubuta “a ajiye”. Na daɗe zaune ina kallonsu kafin na iya kiran kowa.

A zaman sauraro shugabar kwamishinoni ta tambaye ka ko gwamnati ta san da takarda ta goma sha bakwai, ko kuwa kuskure ne ya sa ta shigo. Ta buɗe maka hanyar fita, kowa ya gani. Ka miƙe ka ce, “Ranki ya daɗe, Hukuma ta nemi fayil ɗin gaba ɗaya, wannan kuma yana cikin fayil. Ni na ɗinke takardun da hannuna.” Sannan ka ci gaba da kare gwamnatinka na tsawon minti arba'in kamar ba abin da ya faru. Aka karɓi ƙarar.

Ka koma gida ka tarar an canza makullin ofishinka. Aka mayar da kai ɗakin ajiyar tsofaffin fayiloli a ƙasan bene, inda ba taga, ba waya. Magana ta fara yawo a ma'aikata: wasu suka ce tsufa ne ya kama ka, wasu suka ce mu muka saye ka. Bayan shekara guda ka yi ritaya, ba taron ban kwana, ba ko takardar godiya. Duk wannan ya zo kunnena. A lokacin ina da uzuri, domin zaman Hukuma na sirri ne, kuma an hana kowa faɗin abin da aka yi a ciki sai an wallafa hukunci.

An wallafa hukuncin shekara biyu da suka wuce. An sami gwamnati da laifi, an ce ta buɗe bincike ta kuma biya diyya. A cikinsa an rubuta “bisa takardun da ke gaban Hukuma”, ba a faɗi wanda ya kawo su ba. Daga ranar bakina a buɗe yake. A taron murnar da muka yi, shugaban ƙungiyar da nake wa aiki ya tashi ya ce ni na tono wasiƙun daga cikin fayilolin gwamnati, aka yi ta tafi. Na yi murmushi na sunkuyar da kai kamar mai kunya. Na ce a raina zan gyara maganar gobe. Tafin ya yi mini daɗi, ina kuma tsoron a ce na koma yabon lauyan gwamnati. Wannan ita ce gaskiyar, kuma ina jin kunyarta.

Sau ɗaya muka haɗu bayan haka, a layin kantin magani. Ka rame, kwat ɗinka ta yi maka yawa. Ka ce, “Na karanta hukuncin, 'yata. An buɗe binciken?” Na ce har yanzu shiru. Ka ce, “Ki rubuta musu duk wata uku. Ki ajiye kwafi.” Layi ya zo kanka, ka karɓi maganinka ka fita. Na tsaya ina kallonka kana jiran motoci su wuce ka tsallaka titi. Taku goma ne tsakaninmu, ban yi su ba.

Ranar Alhamis na je gidanka. An jera kujerun roba kusan talatin a tsakar gida, mutum shida na ƙirga a kai. Daga ma'aikatar da ka yi wa aiki shekara talatin da ɗaya ba wanda ya zo, daga ɓangarenmu kuma ni kaɗai ce. 'Yarka, malamar makaranta, ta kai ni ɗakin mahaifiyarta. Da na faɗi ko ni wace ce, ta tsaya da jug ɗin ruwa a hannu ta ce, “Anti, ki yi haƙuri, zan yi miki tambaya. Da gaske ne kun sayi Baba?”

Na ba su labarin tun daga farko, har da tafin da na karɓa. Matarka ba ta katse ni ba. Da na gama ta daɗe tana murza bakin mayafinta, sannan ta ce, “Sau ɗaya na tambaye shi. Ya ce lauya ba ya fitar da maganar wanda ya ɗauke shi aiki. Ni kuwa na ɗauka kunya ce ta hana shi magana.” Ta ƙara da cewa, “Shekara huɗu muna cin abinci a faranti ɗaya, ina tausayinsa a kan abin da bai yi ba. Kuma ya san abin da nake zato.”

Ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Abin da ta ce kawai shi ne in rubuta, in sa a inda abokan aikinka za su gani. Ga shi na rubuta: ba wanda ya saye ka, kuma ba ka yi kuskure ba. Ni ban tono komai ba. Kai ka kawo wasiƙun, kana sane da abin da zai biyo baya.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya yalwata kabarinka ya haskaka shi. Ya sa gaskiyar da ka riƙe kai kaɗai ta zame maka abokiyar zama a can. Ga matarka da 'yarka da sauran dangi, ina miƙa ta'aziyyata, Allah ya ba ku haƙurin rashi. Ina kuma roƙonku gafarar shekara biyun da suke wuyana. Shi dai na makara, ba zan iya roƙonsa ba. Allah ya yafe mana, ya kyautata namu ƙarshen. Amin.