Awa Biyu a Bakin Ƙofar Surukata

A gidanmu na unguwar Ka'akiyya babu sunan da ake kira kamar na matar ɗana. Zo ki duba tukunya, zo ki karanta saƙon nan da ya shigo wayar jawwal, zo ki raka baƙi kasuwa. Ni ma ina cikin masu kiran, ba zan ɓoye ba. Ta haura arba'in, 'ya'yanta mata biyu duk suna ɗakunan mazajensu, amma har yau in aka kira ta sau ɗaya ba ta bari a yi na biyu.

A nan Makka aka haife ta. Iyayenta irinmu ne, waɗanda suka zo hajji suka zauna. Ta fara makaranta tana ƙarama, aka sallamo ta saboda babu igama, takardar izinin zama. Ta fara koyon ɗinki, mai koya matan ta koma Sakkwato. Daga baya ta yi shekaru tana jinyar wata tsohuwa Ba'indiya a unguwar Zahir, a nan ta kwashe yarensu tsaf, har Indiyawa masu kanti sukan ɗago kai su duba wa ke magana. Tsohuwar ce kafin ta rasu ta gaya mata cewa yaren nan yana da uwa, wani tsohon harshe da ake ce wa Sanskirit, wanda ba a ciniki da shi, sai a littattafai.

Ranar da ta durƙusa a gabana ta ce, "Hajiya, na shiga makarantar koyon tsohon harshen nan," sai na ce, "Ina makarantar take?" Ta nuna mini kwamfutar da ɗana ya daina amfani da ita.

"Ƙarfe nawa ake shiga ajin?"

"Babu ƙarfe, Hajiya. Duk lokacin da mutum ya samu sarari. In ya shirya sai ya nemi jarrabawa."

Ni ban taɓa zama a aji ba, abin da na sani na salla a bakin uwata na ɗauka. Amma na san ba a yin abin kirki ba tare da lokaci ba. Na ce mata wannan hira ce, ba makaranta ba. Ɗana yana wajen, ya yi dariya, kuma tun daga ranar ya riƙe maganar nan kamar carbi. In ya ga tana karatu yana son shayi, sai ya ce, "Ai naki duk lokacin da kika ga dama ne."

Da farko ni tsaronta nake yi, ba tausayi ba. Rubutun nasu a rataye yake a jikin layi kamar shanya a igiya, ban yarda da shi ba. Na sa abaya na je wajen malamin unguwarmu da kaina. Ya ce harshe ba ya karya alwala, a dai duba abin da ake faɗa da shi. To, na dawo na kafa doka: duk darasin da ta yi sai ta maido mini shi da Hausa. Wata uku muna abu ɗaya. Doki ya sha ruwa. Manomi ya tafi gari. Giwa tana tsaye ƙarƙashin bishiya. Har na ce mata, "Ke, giwar nan ba ta gaji da tsayuwa ba?" Ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya.

A zaman tsaron nan ne na ga abin da ban je nema ba. Littafin a jingine yake da gwangwanin shinkafa, tana jiran mai ya yi zafi tana motsa leɓe. Wata rana na ƙirga da carbina sau nawa ta rufe shi tsakanin azahar da la'asar. Sau goma sha ɗaya. Biyu daga ciki ni ce. A haka ta yi shekara ɗaya da rabi.

Yanzu ga abin da har gobe nake jin zafinsa. Ta nemi jarrabawa, aka sa mata rana, ta gaya wa mijinta ya sanar da ni. Ita dai ba za ta iya duban idona ta ce kada in shiga ɗaki ba, da kunya. Shi kuwa ya tafi wajen aikinsa bai ce mini uffan ba.

Da hantsi na ga ƙofarta a rufe. A gidana ba a rufe ƙofa da rana. Na matsa, sai na ji muryar namiji a ciki. Na tura. Ga ta a zaune sambal a kan kujera, ga wani ƙato mai gashin baki da tabarau a cikin kwamfuta ya zura mata ido, ko ƙiftawa ba ya yi. Me ake so in yi? Na cire mayafina na lulluɓe na'urar, na ce, "Kai waye? Babu mata a gidanku?"

Ba ta yi ihu ba. Ta ajiye biro, ta ɗora hannuwa a cinya. Can ta ce, a hankali, "Hajiya, mai gadin jarrabawa ne."

Ashe dokarsu ke nan: awa biyu, kai kaɗai a ɗaki, suna kallonka daga can ƙasarsu. In wani ya shigo ko aka ji murya kusa, an soke. Kuma dama ɗaya ta rage mata. In ita ma ta lalace, sai ta koma farkon littafi, wajen dokin nan mai shan ruwa.

Da ɗana ya dawo na tare shi tun bai cire takalmi ba. Sai cewa ya yi, "Malesh, Umma, na manta ne. Ai za ta sake." Yana murmushi! Ya sa na zama mahaukaciya a gaban baƙo, ya zubar da wahalar shekara ɗaya da rabi, kuma malesh, wai ba komai. Na ce, "Ranar wasan ƙwallo ka taɓa mantawa?" Ya sunkuyar da kai. Har yau ina cewa laifinsa ne. Ni abin da kowace uwa za ta yi na yi.

Ita ban ba ta haƙuri da baki ba, ba a saba ba. Na dai karɓi girki na mako guda, na ce ƙafafuna suna son motsi. Rana ta uku na tambaye ta, "In kin ci, me za a ba ki?"

"Shahada, Hajiya, takardar shaida."

"Aiki za a ba ki da ita?"

"A'a."

"To, ta mece ce?"

Ta daɗe tana tsince shinkafa kafin ta ce, "Takarda ce da za ta ce na fara abu na gama shi."

Ban ƙara tambaya ba. Na ce ta rubuta musu su sa mace ta yi gadin. Ta rubuta, suka yarda. Na ce kuma wannan karon ni za a gaya wa ranar, ba shi ba.

Ranar ta faɗo lokacin da garin ya cika da masu umra. Ƙanwata, uwa ɗaya uba ɗaya, ta zo daga Kano, suna masauki a unguwar Kudai. Ta riga ta zo mana wuni, mun yi kuka, mun yi dariya, mun yi sallama, na ɗauka shi ke nan. Da safe na jawo kujera na kafa a bakin ƙofar surukata, na aza sandata a cinya, na kashe jawwal ɗina, na sa ɗana ya kashe nasa tunda ranar hutunsa ce. Ta shiga, ta ja ƙofa.

Ko rabin awa ba a yi ba sai na ji hayaniya a matakala. Ƙanwata ce da ƙawayenta uku, kowace da jaka. Muryar ƙanwata kuwa tun muna yara ba ta san ƙasa-ƙasa ba. Ban san ina da sauran gudu ba sai ranar. Na tare su a ƙofar falo tun ba su gama sallama ba, na sa yatsa a baki, na mayar da su baya har kan matakala, na jawo ƙofa.

"Yaya, lafiya? Rasuwa aka yi?"

"Jarrabawa ake yi. Yi a hankali."

"Ina amaryar tamu? Motarmu bayan azahar za ta tashi. Na ce wa ƙawayen nan nawa ina da 'ya mai jin Indiyanci, ita za ta kai mu Zahir mu ƙarasa tsaraba. In ta yi musu yaren nan rabin kuɗi suke sallamawa."

"Ba za ta fito ba sai nan da awa ɗaya da rabi."

"To ta leƙo ta gaishe su mana."

"Ko leƙe."

Ɗaya daga cikin ƙawayen ta ce, "Ikon Allah. Jarrabawar me ake yi a ɗakin kwana?" Ƙanwata ta juya ta ce mata, "Wai karatun Indiya. Ina jin rawar fim za a ba ta shahada a kai." Suka kwashe da dariya, ni kuwa ina ta yi musu alama da hannu kada sautin ya ratsa bango.

Sai ga ɗana ya buɗe ƙofa yana gyara hula. Ya gaishe su, sannan ya ce, "Umma, bari in ƙwanƙwasa mata, minti biyar ne. Ai karatun nata duk lokacin da..."

Ban bari ya ƙarasa ba. Na ɗaga sandar. Rabon da in ɗaga masa sanda tun bai fara azumi ba, ga shi da furfura a gemu. Na ce, "Ka taɓa ƙofar nan ka gani. Ɗauko makullin mota ka kai iyayenka kasuwa."

"Umma, ni ban iya ciniki ba."

"Yau za ka koya."

Ƙanwata ta daina dariya. Ta dube ni, ta dubi matakalar da suke tsaye a kai, ta ce, "Yaya, ni kika tsayar a waje? A gaban mutane? A kan matar ɗa?"

Na so in ce ta shigo, wallahi na so. Na san abin da nake yi. A gidan ubanmu ko maƙiyi ya zo sai ya sha ruwa kafin a tambaye shi abin da ya kawo shi. Amma falon bango ɗaya ne da ɗakin, kuma na san bakin 'yar'uwata. Na ce, "Ki jira in kawo muku ruwa nan."

"Bar ruwanki. Zamzam ya ishe mu."

Suka sauka, ɗana yana biye da su da jakunkuna. Na koma kujerata. Sauran lokacin nan ban ja carbi ko ɗaya daidai ba. Ina jin ƙarar na'urar sanyaya ɗaki, ina jin ana juya takarda, ina kuma raya abin da ƙanwata za ta faɗa a Kano, da wanda za ta fara gaya wa.

Da ƙofar ta buɗe, surukata ta fito da tawada a yatsu. Ta ce ta amsa duka. Sannan ta ga fuskata, ta ce, "Hajiya, na ji kamar muryar Inna." Na gaya mata. Nan take ta zura abaya, ta ɗauki kwalin dabino, ta tari mota zuwa Kudai. Ta tarar sun tashi. Ta dawo da dabinon tana hawaye tana cewa ita ta jawo. Na ce, "Ke kika kafa kujera? Share fuskarki ki zuba mana abinci."

Ɗana kuwa ya dawo yana gumi, wai an tsuga musu tsada a kan darduma, kuma innarsa ba ta yi masa magana ba har suka rabu. Na ce madalla.

Bayan 'yan makonni sakamako ya fito. Ta ci. Na sa aka buga takardar a kan farar takarda mai kauri, aka sa mata gilashi, na rataye ta a falo inda duk mai shigowa zai gani. Ban iya karanta ko harafi a jiki ba, amma na sa ta nuna mini inda sunanta yake, kuma in baƙo ya zo nan nake ɗora masa yatsa.

Ƙanwata har yau ba ta ɗaukar wayata. Saƙo yana iso mini ta bakin dangi, wai zaman Makka ya mayar da ni mai rufe wa baƙo ƙofa. Su ne fa waɗanda in sun zo, yarinyar nan ke wanke musu harami, ta kai su asibiti, ta ɗaure musu kaya, babu wanda ya taɓa tambayarta me take so a duniya. Awa biyu kacal na nema mata a cikin shekara ashirin da wani abu. In ƙanwata ta dawo umra zan kai ta Zahir da ƙafata, in dafa mata abin da take so. Haƙuri dai ba zan bayar ba.

Surukata ta shiga littafi na biyu. Su can sun ce babu ƙarfe, ni na sa. Daga hantsi zuwa kiran azahar tana makaranta, ƙofa a rufe, ni ina kan kujera. Duk wanda ya kira sunanta a tsakanin nan, ni nake amsawa, kuma ɗana ya koyi inda ake ajiye ganyen shayi.