Ja Ce Ko Baƙa?

A garejin da na fake wa ruwa, wani dattijo mai gyaran wayarin ya cusa kai ƙarƙashin sitiyarin wata mota. Waifar share gilashin motar ta ƙi motsi. Fis lafiya lau, sai yake bin wayoyin makunni da ƙwan gwaji.

Ya jawo ɗaya har bakin hancinsa.

"Ranka ya daɗe, wannan ja ce ko baƙa?"

Mai motar bai ɗago daga tasa wayar ta hannu ba. "Ni zan koya maka aikinka, Baba?"

Na lura yanar ido ce ta rufe wa dattijon gani. Ina jin ɓoyewa yake, kada aiki ya gudu.

Ya laluba ya haɗa. Waifa ta tashi, gilashi ya yi tas. Shi kuwa ya goge idonsa da bayan hannu, ya sake gogewa.