Katin Inna Hajara

Ranakun aiki da yawa sun shuɗe ban riƙe komai nasu ba, amma ranar da Sista Rifkatu ta dafe wani kati a kan teburina ta hana ni sa hannu, ita kam ta ƙi barin raina har yau. Tun da kun ce in ba ku labari ɗaya kafin in tattara komatsaina in bar muku ofis, shi zan ba ku, ko da yake ba ni ne na yi abin kirki a cikinsa ba.

Shekara ta uku ke nan da ƙirƙiro Jigawa. Dutse ta cika da ma'aikatan da aka kwaso daga Kano, wasu ma a can suke kwana su yi sammako. Ni kuwa ina wani ƙaramin asibiti a gefen gari, a matsayin jami'in lafiyar al'umma. Ga wanda bai san aikinmu ba, wannan ba likita ba ne. An horar da mu mu duba cututtukan yau da kullum, mu rubuta magani, abin da ya fi ƙarfinmu mu tura wa likita. Likitan namu ɗaya ne tal, shi ne a ɗakin tiyata, shi ne a ɗakin kwanciya, shi ne a taron ma'aikata. Saboda haka duk mai zuwa ya koma gida a kaina yake sauka. Mutane suna ce mini Likita, ni kuma, Allah Ya yafe mini, ban taɓa wahalar da kaina wajen gyara musu ba.

Ga yadda muke aiki a lokacin. Kowane majinyaci yana da kati biyu, ƙarami a hannunsa, babba a ɗakin ajiyar kati. In ciwon mutum mai daɗewa ne, kuma gidansa da nisa, sai wani nasa ya kawo ƙaramin, a zaro babban, mu rubuta "a maimaita", ya wuce ɗakin magani. Babu inda aka rubuta wannan a doka. Haka muka tarar ana yi, kuma a ganinmu tausayi ne. Wa zai ce a ɗauko tsohuwa mai ciwon gwiwa a bayan babur kowane wata don kawai a ga fuskarta?

Sau ɗaya na taɓa ganin Inna Hajara. An kawo ta daga wani ƙauye da ke can ciki in ka ratse daga hanyar Kiyawa, yatsunta sun kumbura, gwiwoyinta sun sandare, ko buta ba ta iya ɗagawa ta yi alwala. Ciwon gaɓoɓi ne mai tsanani, don haka na tura ta wajen likita, ya rubuta mata firedinisolon, 'yar farar ƙwayar nan da kuka sani. Maganin yana kwantar da kumburi da sauri, har mutum ya ɗauka an yi masa tsafi.

Daga nan sai mijinta, Malam Idi, ya ɗauki nauyin katin. Dattijo ne manomin gero da gyaɗa, siriri, mai fara'a, da wani tsohon keke da kan sanar da zuwansa tun daga bakin ƙofa. Litinin ta farko a kowane wata zai iso, ya jingine keken a gindin darbejiya, mu gaisa gaisuwa mai tsawo har na bayansa su fara gyaran murya.

"Yaya jikin Inna?"

"Ai Likita, sai godiya. Ta miƙe. Jiya ma har daka ta yi."

Bayan 'yan watanni labarin ya ƙara daɗi. "Ta yi ƙiba, Likita. Fuskar nan ta cika fam, kamar ba ita ba. Matan unguwa suna tambaya ko me nake ba ta." Sai mu yi dariya, in ce masa lallai ya iya kiwo, in rubuta "a maimaita". A wurinmu ai wanda ya rame shi ne marar lafiya, wanda ya yi kumatu ya samu sauƙi. Ni da na zauna a aji aka koya mini cewa maganin nan yana kumbura fuska, da kunnen ɗan ƙauyenmu na saurari Malam Idi, ba da kunnen ma'aikaci ba. Wata goma sha huɗu muka yi a haka.

Sista Rifkatu 'yar Filato ce, ta biyo mijinta da aka turo wata ma'aikata a Dutse. Ba ta daɗe da dawowa daga kwas ɗin jinyar ido ba, aka ba ta wani ɗan ɗaki mai kujera ɗaya da gado da allon gwajin gani a bango. Ba mai tura mata kowa. Mukan tsokane ta mu ce ita ce ma'aikaciyar da ta fi kowa hutu a jihar. Ran nan cikin damina ta shigo aron biro, ta tarar da katin Inna Hajara a gabana, ya yi kauri da takardun da aka yi ta liƙa masa. Ta ɗauka tana buɗawa, har ta kai ƙarshe, sannan ta ɗora tafinta a kai.

"Malam Garba, yaushe rabonka da ganin matar nan?"

"Ga maigidanta nan, yanzu ya gama ba ni labarinta. Lafiyarta lau."

"Ba shi na tambaya ba. Ita, da idonka."

Na ji haushi, ba zan ɓoye muku ba. Na girme ta a aiki, ga layi a waje, ga dattijo zaune yana kallonmu. Amma ba ta ko kula da fuskata ba. Ta juya ta rusuna ta gaishe shi, ta ce, "Baba, Inna tana yawan yin karo da abubuwa a gida?"

Malam Idi ya yi murmushi. "'Yar nan, kamar kina gidan. Tulu biyu ta fasa a bazarar nan. Shekaranjiya kuma ta yi tuntuɓe da turmi, turmin da ya shekara goma a wurin. Na ce mata ƙibar ce ta sa ƙofa ta yi mata kaɗan."

"A danginsu akwai wanda ya makance?"

"Mahaifiyarta, da ta tsufa. Ido garau kamar naki, amma ba ta gani."

Sista ta ce a kawo ta cikin makon. Malam Idi ya fara kawo uzuri: hanya ta caɓe, ga noma, ga shi ita ba ta ce idonta na ciwo ba, kuma shi katin gwiwa ya kawo, ba na ido ba. Da na lura abin da ya fi damunsa shi ne wani namiji ya tsaya a kan fuskar iyalinsa, sai na ce Sista ce da kanta za ta duba. Na so in hana maganin gaba ɗaya don ya ji dole, Sista ta ce kul, ba a yanke shi lokaci ɗaya, jiki ya riga ya saba, yankewar na iya kayar da mutum. Na rubuta na mako guda kawai.

Ranar Alhamis suka zo a motar kasuwa. Da a hanya na gamu da ita ba zan gane ta ba. Fuskar ta zama zagaye, ƙeyarta ta yi tudu, hannuwanta kuwa sirara. Ba ƙibar lafiya ba ce, kuma kallo ɗaya ya isa ya gaya mini haka. Kallon ne ban yi ba tsawon shekara da wata biyu.

Na tsaya a bakin ƙofa Sista tana aikinta. Ta fara da allon bango, idon dama ya karanta har ƙasa-ƙasa, Malam Idi ya dube ni yana gyaɗa kai, wato ga shi nan, lafiya lau. Sai Sista ta sa ta rufe na dama, ta duba da na hagu. Inna Hajara ta karkata kai, ta ce, "Ina allon yake?" Daga nan Sista ta zauna gabanta, ta ce ta kafa ido a hancinta, ta riƙa kawo yatsa daga gefe a hankali. Ko da idon na dama, sai yatsan ya kusa zuwa gabanta take cewa ta gani. Aka kwantar da ita, aka ɗiga mata maganin kashe zafi, Sista ta ɗora wani ɗan ƙarfe mai allura kamar ta sikeli a kan ƙwayar idon, wanda da shi ake auna matsin ruwan ciki. Ta auna sau biyu, ta aika a kira likita.

Abin da ake kira hawan jinin ido ne, wato gilakoma. Ruwan da ke cikin ido ya kasa fita yadda ya kamata, ya yi ta danne jijiyar gani har ta mutu. Ba ya ciwo, ba ya sa ido ja, kuma daga gefe yake fara ci, shi ya sa mutum yake zare ƙaya da allura amma ya fasa tulun da ke gefensa. Firedinisolon da 'yan'uwansa, na sha ne ko na ɗigawa, suna iya tayar da wannan matsi, musamman ga wanda abin yake a jininsu. Abin da jijiyar ta rasa kuma ba ya dawowa.

Likitan da ya rubuta maganin tun farko an daɗe da yi masa canjin wurin aiki. Wanda ya gaje shi mutum ne marar hayaniya. Ya leƙa idon da fitilarsa, ya karɓi katin, ya buɗe shafin farko, ya miƙo mini.

"Malam Garba, karanta mini layin nan na ƙasa."

Na karanta. Mako shida, a rage a hankali, a dawo da ita a duba. Yana nan da rubutun likita ƙarara. Ni kuwa kowane wata layin da na rubuta a watan jiya nake kwafa, ban taɓa komawa shafin farko ba. Ya ci gaba da rubutunsa. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Da aka yi wa Malam Idi bayani, ya zaro ƙullin ƙwayoyin daga aljihu, ya ce masai zai zuba su. Likita ya riƙe hannunsa, ya ce maganin ba maƙiyi ba ne, shi ya tashe ta daga kwance, barinsa ba mai lura ne ya yi ɓarna. Aka tsara yadda za a rage shi sannu a hankali, aka sauya mata wani na gaɓoɓin, aka tambaya ko tana da asma kafin a ba ta maganin ɗigawa safe da yamma, aka rubuta takarda zuwa wajen likitocin ido a Kano. Dattijon nan ya zauna a benci ya rufe fuska da hularsa. Abin da yake ta maimaitawa shi ne, "Ni da nake yi mata dariya."

Inna Hajara ce ta kira ni. Tana zaune a bakin gado tana gyara mayafi.

"Likita, na hagun nan zai dawo?"

"Ba zai dawo ba, Inna. Na daman muke so mu riƙe."

"Da bara na zo fa?"

Sista ta sunkuyar da kai. Na san amsar da ake bayarwa a irin wannan wuri, wato a ce Allah ne masani, kuma da na ba ta, ba mai cewa na yi ƙarya. Amma na ji in na laɓe a bayanta, ba zan ƙara iya sa farar rigar nan ba. Na ce, "Da bara kika zo, ina kyautata zaton da an cece shi. Ni ne ya kamata in ce a kawo ki, ban ce ba."

Ta daɗe tana kallona da idon da ya rage. Ta ce, "To. Allah Ya sa na daman ya kai ni." Ta nemi takalmanta.

Ya kuwa kai ta. Ciwon gaɓoɓin ya ɗan dawo da aka rage maganin, daka ta gagare ta, fuskar ta saɓe, matan unguwa suka ce asibiti ya ɓata ta. Amma matsin idon ya sauka, ganin da ya rage ya tsaya inda yake. Shekara tara ta yi tana zuwa duk bayan wata uku, har Allah Ya karɓi abinSa tana ganin jikokinta.

Tun daga makon nan na sa aka zaro katin duk wanda ke shan maganin nan, na riƙa tura su ɗakin Sista ɗaya bayan ɗaya, hutunta ya ƙare. Abin da nake so ku riƙe ke nan. Mai ciwon gaɓoɓi da za a ɗora a kan irin wannan magani, a auna idonsa tun farko, a riƙa aunawa, ko bai yi kuka da shi ba. Ku tambayi danginsa. Mutanenmu ba sa kawo ƙarar abin da ba ya ciwo, kuma mai kawo kati labarin da zai faranta maka yake kawowa, don yana ganin girmanka. Kara da tausayi halinmu ne, ba na ce ku bar su ba, amma kada su hana ku cewa a kawo mai katin.

Inna Hajara ba ta taɓa tayar mini da maganar ba, ko sau ɗaya. Sai dai duk zuwan da za ta yi takan leƙo mu gaisa, kujerar baƙi kuwa a ofishina an ajiye ta ne yadda teburina yake hagunta. Tana zama sai ta ɗaga hannu ta ce, "Likita, dawo ta damana, ta nan ba na ganinka." Sai in tashi in ɗauki kujerata in zagayo. Shekara tara ina zagayowa, kuma ban taɓa yarda a gyara zaman kujerar nan ba.