Fetur a Ƙarƙashin Harawa

A shekarar da aka janye tallafin mai, wadda kuma na shiga ajin yaƙi da jahilci, na ɗauki riɗina buhu shida zan kai kasuwar Babura. Noman daminata ke nan kaf.

Roni

Muna idar da sallar asuba na loda kaya a akori-kurar wani direba, Sale. Motar ba ta tashi sai ya daddaki kan batir da sifana. Ƙarfe shida muka bar gari.

Kazaure

Bakwai da kwata muka iso. Ina shan koko da ƙosai, Sale ya shiga wani lungu aka ɗora jarka goma sha biyu ta fetur, cike har baki, an toshe da leda. Ya sayi harawa ya lulluɓe su saboda masu shinge.

Na ce, "Malam Sale, fetur da harawa wuri ɗaya?"

Ya yi dariya. "Baba, wata uku a makaranta har ka zama injiniya? Shekara goma ina bin hanyar nan."

Na hau mota. Ni haƙurina bai san inda zai tsaya ba.

A shinge ma'aikaci ya leƙo, wari ya daki hancinsa. Sale ya ce, "Yallaɓai, abincin raguna ne." Ma'aikacin ya ɗaga mana hannu mu wuce. Ragon da ke cin harawa mai warin fetur, har yau ban gan shi ba.

Kanya Babba

Ƙarfe sha ɗaya rana ta take. Jarkoki suka kumbura, leda ta fashe, mai yana ɗiga ta ƙasan mota, dab da batir. Muka faɗa rami, mota ta mutu. Gwanin shekara goma ya ɗauko sifana.

Na ce, "Don Allah kar ka buga."

"Baba, je ka ji da karatunka."

Na matsa gindin wata kuka. Bugu biyu ya yi, wuta ta tashi. Mutanen gari suka zo da ƙasa a kwanuka, ba wanda ya iya matsawa kusa.

Gida

Wani mai babur ya kai ni Kazaure, na isa Roni da magariba. Na gode masa, na gode wa Allah da ba a rasa rai ba.

Abin da ya ƙone: mota ɗaya, jarka goma sha biyu, hannun Sale na dama har gwiwa, riɗina buhu shida, da littafin ajina da na bari a kan kujera.