Tambayar da ba ta cikin takardar

Ina zaune a asibiti nan Safana, ma'aikaciyar jinya ta miƙo min takardar tambayoyi kan ciwon bayana. Wai ana auna yadda tunani ke ƙara wa ciwo nauyi: ko ina jin ba zan warke ba, ko na kasa cire shi a raina. Duk na amsa da "kullum".

Ta duba, ta ɗago kai. "Malam, in ya taso maka, wa kake gaya wa?"

Na ce, "Ai wannan ba ta cikin takardar."

Ta ce, "Na sani."

Tunda na kai iyalina Katsina saboda 'yan bindiga, in na dawo daga koyarwa babu mai ce min sannu.

Ku fa, wa kuke gaya wa?